Sunan Inna

"Baftisma kuma? A nan Makka?" na tambayi alhajin da ya kawo mini saƙon ƙanena.

"A'a, Hajiya, a Hartum. Matarsa ce ta haifi 'ya mace."

Rabona da yaron nan tun muna tahowa hajji a ƙasa, da Inna ta rasu a hanya. 'Yan mishan suka riƙe shi, ya tashi Katolika. To ni me zan yi masa? Na dai ji ana zuba wa jariri ruwa a ka. Na ɗauko gorar zamzam, na ajiye, na sake ɗauka. Ya ma halatta? Ko zanen goyo ake aikawa?

"Ruwa suna da shi," in ji alhajin. "Suna ne ya gagara. Fadan cocinsu ya ce sai na waliyyai, shi kuwa ya kafe sai na mahaifiyarku. Kuma bai san shi ba. Inna kawai ya ji ana ce mata."

Ni kaina ban taɓa furta shi ba, don kunya.

"Ka ce su bar gardama. Maryama ne."