Wanda Ya Kwashe Rumbun Baba

Alhusaini ya leƙa cikin rumbun mahaifinsa, bai ga komai ba sai kashin ɓera da ɗan ƙaiƙayi a gindi. Ba a daɗe da girbi ba, kuma bana damina ta yi kyau a ƙauyensu Barmu. Maƙwabta har sun rasa inda za su sa nasu, sun jibge dammuna a kan rufin ɗaki.

Ƙanwarsa Zaliha, wadda ta dawo gida da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta, ita ta gaya masa abin da ya faru.

"Tun hatsi na tsaye gona Baba yas saida shi, Yaya. Lokacin da ƙahwa tai ta kumbura, ga shi babu abinci gida."

Ya san wannan ciniki. A ci ba daɗi ake ce masa. Mai kuɗi ya jira tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ya miƙa wa manomi abin da bai taka kara ya karya ba, in kaka ta yi ya turo amalanke a kwashe gona.

"Don mi ba ku hwaɗa mani ba?"

"Mun buga maka waya. Kac ce abubuwa sun yi tsauri."

Abubuwa kuwa ba su yi tsauri ba. A farkon shekarar nan aka ɗaga shi daga malamin aji zuwa daraktan makaranta a birnin Tawa, albashi ya ƙaru, ya rufe bakinsa gam. Ya san mutanen ƙauye. Da sun ji, sai kowa ya tuna yana da ciwo ko suna. Matarsa Nasiratu ta so a sayi firji, a ƙara abin da ake aikawa gida, ya ce mata kuɗin da aka ci sun tafi ke nan. Abokan aikinsa da suka samu irin wannan ƙari sun yi ta sayen sabon babur da shadda, kullum da yamma suna gindin mai balangu baki duk maiƙo.  Shi duk wata yakan ɗauki ƙarin ya kai wa Alhaji Ɗahiru, wani Bamaraɗe mai shago a kasuwa wanda ke juya wa ma'aikata kuɗi. Alhaji yakan ce a bar masa har damina ta wuce, riba a nan take. Alhusaini bai taɓa tambayar yadda ake juyawar ba. Daraktan makaranta ba ya zama yana bincike kamar mai talla.

Ya shiga ɗakin tsohon. Warin ƙafar ya tare shi tun daga ƙofa, an naɗe ta da tsumma, ƙuda na bi. Baba ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma sai cewa yake lafiya lau, ya sa Zaliha ta dama wa baƙo fura. Furar ruwa ce zalla, da hatsin roƙo aka yi ta. Alhusaini ya kai baki ya ajiye ƙwaryar.

Ƙyama ce ta kama shi, ƙyamar mutumin da bai taɓa gani ba. Wane irin mahaluki ne zai dubi tsoho mai ruɓaɓɓiyar ƙafa da marayu a tsakar gida, ya ga riba? Ɓarawo ma ya fi shi mutunci, don shi yana sa ransa a haɗari. Wannan kuwa yana can a inuwa yana jan carbi, ƙila har a sahun gaba yake sallah. Ya fita bayan ɗaki ya tofar da yawu, ya dawo wajen Zaliha.

"Wa na mai kuɗɗin?"

"Ba mu san shi ba. Mai amalanke ya ce shi aiko shi anka yi daga birni."

A motar komawa Tawa ya yi ta juya maganar. Ajiyar nan fili ya yi niyyar saye da ita, ya bar gidan haya. In ya taɓa ta yanzu, duk ƙuncin da ya sha shi da Nasiratu ya tashi a banza. In bai taɓa ba, gidan nan ba zai ga wata damina da abinci ba. Kafin motar ta shiga tasha ya yanke: zai karɓi kuɗinsa duka, ya sayi hatsi ya cika rumbun. Daga baya ya nemo azzalumin, ko a gaban sarki ne sai ya tona masa asiri. Har ya ji wani sanyi a ransa, irin na ɗan da ya san haƙƙin iyaye.

Bai biya gida ba. Ya tarar da Alhaji Ɗahiru a bakin shago yana shan shayi. Suka gaisa a gurguje.

"Alhaji, kuɗɗina nika so, duka. Hatsi za ni saye."

Alhaji ya yi dariya, ya ajiye kofi, ya laluba aljihu ya ciro mabuɗin sito.

"Wane sayen hatsi kuma, Darakta? Ai kuɗinka tun damina suka zama hatsi, ga shi can a jibge. Sa'a ka yi, wani tsoho muka samu a Barmu, ƙafa ta kumbura, ɗansa na birni ya watsar da shi. Gonarsa gaba ɗaya kai ka saye."