Taron Tsaye

"Babu matsala," in ji ta farko. "Babu matsala," in ji na kusa da ita. Haka maganar ta zagaye ma'aikatan har ta dawo kan mai horarwa.

Shi ya kawo wannan taron tsaye. Kamfanin ya ɗauko shi don ya koya musu aiki cikin hanzari, sai ya kwashe kujeru, ya ce kowace safiya kowa ya faɗi abin da ya tare masa hanya. Da farko bakinsu kamar an ɗinke. Ya yi ta lallashi, har da rantsuwa cewa a ɗakin nan gaskiya ba ta cin mutum.

Suka yarda da shi. Mai gwada manhaja ta ce wa'adin da aka ɗibar musu ba zai yiwu ba. Dattijon da ke kula da na'urori ya ce umarni biyu yake samu daga sama, kowanne yana karo da ɗan'uwansa. Manaja yana bakin ƙofa yana gyaɗa kai.

Da aka zo rage ma'aikata, su biyun aka fara sallama.

Yau manajan ya dafa kafaɗar mai horarwa. "Aikinka ya yi kyau, Malam. Da kullum ƙorafi, yanzu ka ji ko ɗaya? Mun sabunta kwantiraginka. Kai fa, akwai abin da ya tare maka hanya?"

Ya dubi gurbin mutum biyun nan, wanda har yau ba wanda ya matsa ya cike. Ya tuna 'ya'yansa.

"Babu matsala," ya ce.