Sabis Ya Ɗauke a Kafen Monica

Karo na huɗu ke nan a mako guda Haggai na hawa benci a bayan kafen intanet na Monica, tsumma a hannu ɗaya, ɗayan kuma toshe da hanci. Tir! Mutum ya share shekara biyu a Kaduna yana koyon haɗa intanet, ya dawo Zuru ya ɓige da kankare kashi.

Ranar Litinin da sabis ya fara ɗaukewa, ya bi abin daki-daki yadda aka koya masa. Ya kashe modem, akwatin da ke raba sabis, ya kunna, ya sauya waya, ya auna wutar janareta, har sama ya leƙa ko hadari ne. Ba ko ɗaya. Sai da ya zagaya baya, inda aka kafa farantin da ke kamo sabis daga tauraron ɗan'adam, ya tarar da hancin farantin toshe da kashin tsuntsu, jiƙe sharkaf, kauri kamar yaɓen ɗaki. Ya wanke, sabis ya dawo. Kafin azahar ya sake ɗaukewa.

"Ungulaye ne, Injiniya, daga mahauta suke zuwa," in ji Monica, ta miƙo masa guntun sabulun da ya rage mata.

Haggai bai taɓa ganin ungulu a wurin ba. Ko bishiya babu, sai katanga da ƙyaure mai kwaɗo, da akurkin kaji a lungu. Amma wa ke da lokacin gardama cikin wannan wari? Kwana uku ko tuwo ya ɗauko sai ya ji kamar hannunsa na tashi.

Da don shi kaɗai ne, wallahi da tuni ya tattara. Markus ne ya ɗaure shi, ɗan Monica tilo, da ke neman cike fom ɗin shiga soja. A shekarar, 2008, an ce sai ta intanet, kuma yau Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe. Sa'o'insa na garin Dabai duk sun cike nasu a wannan kafen. Shi kuwa uwarsa ta kafa doka, baƙi tukuna, ɗan gida daga baya. Kullum kafin layi ya iso kansa, sabis ya gudu.

Haggai ya diro daga benci, ya tofar da yawu, ya shiga ciki ransa a ɓace.

"Mama, yau kam ki yi haƙuri. Markus ne farko."

"To," ta ce.

Markus ya zauna gaban kwamfuta yana buga sunansa da yatsa ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Shafi ya buɗe da ƙyar. Sunan uba, ƙaramar hukuma, tsawo, faɗin ƙirji. Saura hoto kawai, ga shi yana hawa a hankali, ya kai rabi. Monica ta miƙe, ta ce bari ta ƙara wa janareta mai kada ya yi musu tsiya.

Hoton ya tsaya cak. Fitilar modem ta koma ja.

"Yaya Haggai!" Markus ya ƙwala kira.

Haba! Minti goma da wankewa? Haggai ya wawuro tsumma da sanda, ya rantse yau ko ungulun aljanu ne sai ya ga bayansa. Ya zagaya da gudu, ya banke ƙyauren.

Monica ce tsaye a kan benci, hannunta cikin leda, kwanon damammen kashin kaji a gefen ƙafarta. Tana yunƙurin amai, ido duk hawaye, tana lafta wa hancin farantin. Ta ga Haggai sarai, ba ta fasa ba.

"Ka yi ta wankewa, Injiniya, ni ma ban gaji ba," ta ce. "Soja suka kai ubansa ƙasar Saliyo, suka dawo mini da hula da takalmi. Wannan ba inda za shi."