Famfon da Ke Mutuwa Ran Laraba

Ran Laraba, ana idar da azahar, famfon ya sake yin shiru.

Malam Barau ya ajiye carbi ya leƙa. Rana na dukan farantan sola, shi da kansa ya goge musu kashin tsuntsaye da safe, amma ruwan kwatamin da ake tacewa ya tsaya cak.

Shekara tara yana gadin wannan matata a bayan Dutse. Zamanin janareto wurin ba ya rabo da mutane: mai kawo man inji, makanikai, masu cajin waya. Da aka kafa sola kowa ya ɗauke ƙafa. Ita ba ta shan mai, ba ta tari, ba ta neman kowa. Wari kuwa ya kori har masu tallar gyaɗa. Sai shi sai balbelu.

Bai gama lalubo lamba a waya ba sai ga ƙarar babur. Injiniya Idirisu ne, dattijon da ya haɗa na'urar, wanda tun rasuwar uwargidansa yake zaune shi kaɗai a Limawa.

"Malam Barau, ya sake?"

"Ya sake, Injiniya. Anya ba mutanen ɓoye ba ne?"

"Aljanin da zai zauna a warin nan ai ya fi mu haƙuri. Ɗora shayi."

Kamar kullum, burodi biyu a leda, akwatin kayan aiki kuma ɗaure a bayan babur. Suka yi ta hirar ciwon gwiwa da damunar bana har la'asar. Sannan Injiniya ya shiga ɗakin batir, ya ɗan daddanna waya, famfo ya tashi.

Ran Litinin manajan matatar ya kira Malam Barau. Laraba bakwai, mutuwa bakwai, kuma mutum ɗaya ne a wurin. In aka ƙara, ya nemi wani aikin.

Nan take ya faɗa wa Injiniya a waya.

"Ba zai ƙara ba," in ji Injiniya.

Laraba ta zo. Azahar ta wuce, famfo na ta gurnaninsa lafiya lau. Malam Barau ya wanke kofi biyu, ya tsaya yana kallonsu, ya kife ɗaya. Aiki dai ya tsira. Ya zauna yana kallon hanya, hanya na kallonsa.

Dab da la'asar sai ga babur. Ga ledar burodi, babu akwati.

"Injiniya, ai yau lafiyarsa ƙalau!"

Dattijon ya kafe babur, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Dama can lafiyarsa ƙalau, Malam. Ni nake kashe shi da wayar nan daga tsakar gidana, don kunyar zuwa hira babu dalili nake ji."