Ranar Da Ruwan Boali Ya Yi Baƙi

Rabi'atu ce ta fara ganin baƙin. Wani siririn zare ne a cikin ruwa, yana lanƙwasa tsakanin ƙafafun mata kamar hayaƙi. Ta yi saurin duban gefen zaninta.

Atamfa take sayarwa a Kasuwar Kilomita Biyar. Da matan layinsu suka shirya yawon buɗe ido tare da mazajensu zuwa inda ruwa ke zubowa daga dutse a dajin Boali, ita ta kawo musu anko, wata atamfa mai baƙi da shuɗi, sabuwar zuwa daga Kamaru. A gaban kowa ta rantse ba ta zuba. Ita kuwa ko ƙyalle ba ta taɓa jiƙawa ta gani ba.

Da ma ranar ba ta fara da daɗi ba. Mijinta Abdurra'uf, mai gemun nan baƙi wul da ake kwatance da shi a layi, ya tashi yana ta ƙunƙuni wai wanzaminsa na unguwar Kokoro ya yi tafiya. Ya shige banɗaki ya ƙi fitowa har direban motar da suka ɗauka haya ya gaji da hon. Da ya fito yatsunsa duk baƙi, ya ce sarƙar babur ya taɓa.

A can kuwa wuri ya yi kyau. Ruwa na zubowa da ƙugi, feshinsa na sanyaya fuska. Ruwan ya fafe dutse ya yi tafkuna kamar manyan kwarya, na sama na tsiyaya cikin na ƙasa. Maza suka haye na sama bayan duwatsu. Mata suka tattare zani zuwa gwiwa suka shiga na ƙasa, ana ta shewa da watsa wa juna ruwa. Can aka ji tsundum daga wajen maza, aka ji dariya, ba wadda ta kula.

Yanzu ga zaren baƙi ya zama biyu, ya zama uku.

Zuwaira mai kayan miya, wadda in ta ji magana da safe kafin azahar ta kai Kokoro, ta sunkuya tana kallon ruwan. Ta ɗago ta kalli gefen zaninta. Sannan ta kalli Rabi'atu.

"Maman Husna, wannan fa?"

A ranta Rabi'atu ta hango rumfarta babu kowa, mata na wucewa suna nuna ta da baki. Ba ta san sanda ta kurma ihu ba.

"Innalillahi! Mami Wata ce, aljanar ruwa! Mun dame ta da shewa, ku fita!"

Ai fa wuri ya hargitse. Wata ta bar takalmi ɗaya, wata ta rungumi kular shinkafa tana karanta Ƙulhuwallahu daga tsakiya. Salamatu, da ke cewa gwiwa ta hana ta ruku'u, ita ta riga kowa hawa tudu.

Maza suka sauko a guje. Abdurra'uf na gaba, jiƙe sharkaf, ya naɗe fuska da tawul, idanu kawai ake gani. Santsi ne ya kwashe shi, in ji shi, ya bugi haɓa. Rabi'atu ta tsorata kar ya ƙaryata ta, don shi mutum ne da ko labarin aljanu aka kawo sai ya yi tsaki.

"Gaskiyarta!" ya ce ta cikin tawul. "Ni ma na ji an ja ƙafata. Kowa ya shiga mota!"

Wani daɗi ya rufe ta. Ashe bawan Allah ya gane, asirinta yake rufawa. Ta ƙudura a ranta gobe za ta ɓoye sauran atamfar a ƙarƙashin gado, shi kuma ta yi masa farfesun kan rago.

A mota Zuwaira tana ta murza gefen jiƙaƙƙen zaninta da farin hankici. Rabi'atu ta leƙa ta wutsiyar ido. Hankicin fari ƙal. Ta murza nata a ɓoye. Ko ɗigo.

Tana cikin wannan mamaki motar ta faɗa wani rami, kowa ya yi sama ya dawo. Tawul ya zame ya faɗo kan cinyar Abdurra'uf, cikin tawul ɗin baƙi ƙirin, ga gemun nan a fili fari fat kamar audugar katifa.