Wanda Ya Kayar da Mu'az Tsauni

Duk Sakkwato mutum ɗaya ne ya taɓa kai bayan Mu'az Tsauni ƙasa, kuma Sule mai gero ne. Haka Sule yake faɗa a kasuwa kullum, ko an tambaye shi ko ba a tambaya ba.

Mu'az ƙato ne, ɗan kokawar da sai ya sunkuya yake shiga zaure. Sule kuwa, in ya tsaya bayan buhu biyu sai a yi cigiyarsa. In makaɗa suka ambaci Mu'az a rediyo, Sule kan murɗe tasha ya yi tsaki. Tunda ya koma Mabera bai taɓa gaya wa kowa gidan da ya fito ba.

Sai ga Fiddausi, sabuwar ma'aikaciyar rediyo, ta gayyace shi shirinta na kai tsaye a kan ƙattai. Sule ya wanke babbar riga. Yau dai gari zai ji sunansa, ba na wani ba.

Ta fara da labarin wani ƙato na cikin tatsuniyar Turawan ƙasar ƙanƙara, wanda ba a san komai nasa ba sai sunayen danginsa. Sule ya ɓata rai, ya ce ta wuce wannan, ba shi da daɗin ji.

Da aka zo kansa ya gyara zama.

"Hannu guda na sa, Hajiya. Yana ta taƙama, mata sun kewaye shi, kowa na yaba shi. Na ture shi, ji kake tim! Ya ƙwala ihu. Na leƙa bakinsa, ba haƙori ko guda. Wallahi sai da ya yi wata goma kafin ya tsaya da ƙafafunsa."

"Ikon Allah! A wane fili aka yi?"

"Ƙofar Rini," in ji Sule, yana shafa gemu.

Wayar shirin ta yi ƙara. Fiddausi ta ce ga wata Inna Dijatu a kan layi. Hannun Sule ya tsaya cak a gemunsa.

"Ɗiyata," in ji tsohuwar, "bai yi maki ƙarya ba, ni na haife su duka. Amma ki tambayi wanga ja'iri, daga bisa gadona ya turo ƙane nai, ran suna, don ya ga an yanka mai rago."