Matuƙin da Ya Mutu Ya Zo Walima

Tun da aka kafa dokar gyaran tsofaffin finafinai, ba a nuna fim sai na'ura ta share kurakuransa. Da layi ya zo kan tsohon fim ɗin nan na tafiya duniyar wata, Inna Tasalla ta ci ado ta nufi ofishin gyara, domin marigayi mijinta Ubale ne ya fito a matuƙin kumbon.

Ma'aikaciyar, Barira, ta nuna mata allo. "Inna, duba. Matuƙin ya mutu a tsakiyar fim, har an binne shi a wata. Amma ga shi a walimar ƙarshe yana cin shinkafa. Cire shi za a yi."

Inna ta yi murmushi. "Ranar da aka ɗauki walimar nan na haifa masa ɗan fari. Ya je yi wa abokan aiki albishir, suka jawo shi gaban kyamara, darakta ya rantse ba mai yanke wannan fuskar. A sinima, in ya fito, miƙewa ake yi ana tafi."

"Mahaifina ma yakan ba mu labarin," in ji Barira a hankali. "Amma jiya ya kalli gyararren na gwaji, yau rantsuwa yake bai taɓa ganin matuƙin a walimar ba."

Inna ta gyara mayafinta, ta jawo kujera gaban allon. "To, 'yata, mayar min da fim ɗin baya. Kira duk mutanen ofishin nan su ga yadda maigidana yake murna, kafin ku taɓa shi."

Barira ta buɗe ƙofa, ta fara kiran sunaye.